Kukan Kurciya: Tarihin Gajiya da Karayar Zuciya a Gambarar Turkawa

Yau zan ɗan kauce daga maganar kasuwa da ta unguwa da muka saba, in ja ku zuwa wata ƙasa mai nisa, kan abin da ni kaina ban taɓa zaton zan ɓata tawada a kansa ba, wato waƙoƙin gambarar zamani, waɗanda yara ke kira hip-hop ko rap, amma na Turkawa. Na san wani zai ce, haba Malam, da furfurarka? Ina ruwan biri da gada? To a yi mini uzuri, a biyo ni a hankali.

Mafarin abin shi ne, ɗan ƙanena da ke karatu a Turkiyya ya zo hutu, na je Legas na ɗauko shi zuwa nan Ibadan. Wanda ya san hanyar nan ya san ba a yi mata alkawarin lokaci. Muna tsaye cikin gosulo sai ya haɗa wayarsa da rediyon motar. Na gyara zama ina jiran hayaniya da ashar, don in samu dalilin yi masa faɗa. Sai na ji wata sarewa mai sanyi kamar a gidan makoki, can ganga ta shigo, sannan muryar wani namiji, ƙasa-ƙasa, kamar wanda ya kwana uku bai runtsa ba. Ba na jin Turkanci ko na sayen ruwa, amma kunnena ya riƙa tsintar wasu kalmomi: dunya, kader, zalim, ejel. Na ce, "Kai yaro, wannan wa'azi yake yi ko waƙa?" Ya yi dariya ya ce, "Baffa, ai kunnenka bai yi ƙarya ba. Duniya ce, da ƙaddara, da azzalumi, da ajali. Cewa yake ya gaji." Na ce da me? Ya ce, "Da komai. Wadda yake so ta tafi, aboki ya ci amana, garin ma ya ishe shi." Waƙa ta biyu haka, ta uku haka, kuma mawaƙa daban-daban. Ya ce akwai masu alfahari da mota da sarƙar zinare, amma waɗannan na kukan su ne abokansa suka haddace.

Abin ya tsaya mini a rai. Me ya sa kiɗan da aka haifa a unguwar Bronx ta birnin New York a shekarun 1970, kiɗan bugun ƙirji da nuna isa, da ya je hannun Turkawa sai ya koma kuka? Na yi watanni ina karatu, ina kallon finafinan tarihi, ina damun yaron da tambayoyi. Abin da na gano shi ne, gajiyar nan gado ce. Kakanni suka rera ta a bayan garin Istanbul, iyaye suka ɗauke ta a kaset zuwa Jamus, 'ya'ya suka ɗora mata gangar Amurka.

Kiɗan da gwamnati ta rufe wa ƙofa

Sai mun koma baya kaɗan. Lokacin da Mustafa Kamal Ataturk ya kafa jamhuriyar Turkiyya a 1923 a kan kufan Daular Usmaniyya, burinsa shi ne ƙasar ta juya fuskarta ga Turai. A 1928 aka jingine haruffan Larabci aka ɗauki na boko, kusan irin abin da ya sami ajaminmu, sai dai nasu da doka aka yi shi, cikin 'yan watanni. Aka kafa hukumar tace harshe, tana cire kalmomin Larabci da na Farisanci tana maye gurbinsu da na Turkanci zalla. Kiɗa ma bai tsira ba. A ƙarshen 1934 aka hana sa kiɗan Turkawa na da a gidan rediyo, aka shafe kusan shekara biyu ana ɗura wa jama'a kiɗan Turawa. To amma kunne ba ya bin doka. Mutane suka riƙa murɗa akwatin rediyonsu zuwa Alƙahira suna sauraron su Ummu Kulsum da Abdulwahab, finafinan Masar masu cike da hawaye kuma suka cika gidajen silima.

Daga shekarun 1950 ƙauye ya fara kwararowa birni. Tarakta ta shiga gonakin Anatoliya, hannaye suka rasa aiki. Istanbul da ke da mutum kusan miliyan ɗaya a 1950, yau ta haura miliyan 15. Baƙin suka riƙa kafa 'yan ɗakuna a kan tuddan bayan gari cikin dare ɗaya, kafin hukuma ta farga, shi ya sa ake kiran irin waɗannan unguwanni gecekondu, wato "an kafa da dare". A nan, da cikin ƙananan motocin haya irin danfo ɗinmu, kiɗan da ake kira arabesk ya tashi a ƙarshen shekarun 1960: goge masu yawa irin na makaɗan Masar, da molon Turkawa mai dogon wuya, da murya mai rawa tana kukan rabuwa da talauci da ƙaddara. Manyansa su ne Orhan Gencebay, da Ferdi Tayfur, da Ibrahim Tatlises, da Muslum Gurses.

Sunan ma na raini ne, ma'anarsa "mai kama da na Larabawa", kuma shi Gencebay bai taɓa yarda da shi ba. 'Yan boko suka ce kiɗan direbobi ne da ƙauyawa. Gidan rediyo da talabijin na gwamnati, TRT, wanda a lokacin shi kaɗai ne a ƙasar, ya rufe masa ƙofa shekara da shekaru. Masu ra'ayin gurguzu suka ce yana koya wa talaka rungume hannu ya ɗora wa ƙaddara laifi. Masu addini kuma suka ƙyamaci yadda yake ƙorafi a kan abin da aka rubuta wa bawa. Ana zaginsa ta ko'ina, kaset kuma na tafiya.

Wanda ya fi ba ni tausayi cikinsu shi ne Muslum Gurses, wanda masoyansa ke kira Muslum Baba. An haife shi a 1953 a yankin Urfa, ya tashi a Adana cikin talauci. Mahaifinsa ne ya kashe mahaifiyarsa. A 1978 ya yi hatsarin mota, aka ɗauka ya cika har aka kai shi ɗakin ajiye gawa, sannan aka lura da sauran numfashi. Mutum irin wannan in ya ce duniya ta yi masa zafi, wa zai ƙaryata shi? A wuraren wasansa samari kan yanki ƙirjinsu da hannayensu da reza, jini na zuba suna kuka, har shi da kansa ya riƙa roƙonsu su bari. Ya rasu a 2013. Mai karatu ya riƙe sunan nan, za mu sake haɗuwa da shi.

Gurbet

Akwai wata kalma da in ba ka san ta ba, ba za ka gane komai a wannan tarihi ba: gurbet. Daga Larabci take, ma'anarta baƙunta, zama a inda ba naka ba. Ƙauyawan da suka zo Istanbul suna cikin gurbet. Amma babbar gurbet ta fara ne ranar 30 ga Oktoba, 1961, da Turkiyya da Jamus ta Yamma suka sa hannu kan yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata. Jamus na bunƙasa, masana'antu na neman hannaye, ga shi a watan Agustan shekarar an gina katangar Berlin, ma'aikata daga gabas sun daina zuwa. Likitocin Jamus suka zauna a Istanbul suna duba haƙora da ƙirjin masu neman tafiya kamar ana sayen rago a kara. Wanda ya ci, sai ya hau jirgin ƙasa daga tashar Sirkeci, kwana biyu zuwa uku a zaune har Munich, daga nan a rarraba su: wasu ramukan kwal na yankin Ruhr, wasu kamfanin motoci na Ford a Kolon, mata da yawa kuma masana'antun kayan lantarki a Berlin.

"Baƙin ma'aikata" aka kira su, don da farko shekara biyu aka yanka musu. Su ma haka suka ɗauka: a tara kuɗin tarakta ko na shago, a koma. Wa ya taɓa zuwa Kurmi da niyyar a binne shi a nan? Shekara biyu ta zama goma, goma ta zama talatin. Yara da yawa aka bari wurin kakanni a ƙauye, ko aka riƙa kai su ana dawo da su, har aka sa musu suna "yaran akwati". A Nuwamban 1973 Jamus ta rufe ɗaukar ma'aikata, sai waɗanda ke can suka fara kawo iyalansu, don in ka fita ba ka da tabbacin komowa. A 1983 gwamnatin Helmut Kohl ta yi tayin mark 10,500 ga wasu ma'aikatan in sun yarda su tattara su tafi gaba ɗaya. Wasu suka karɓa, mafi yawa suka zauna.

Abin da ya riƙe zuciyar mutanen nan shi ne kaset. Kamfanoni irin su Turkuola a Kolon da Uzelli a Frankfurt suka riƙa buga waƙoƙin gida da na gurbet, ana sayar da su a shagunan kayan miya, kusa da zaitun da ganyen shayi. Jamusawa ba su ma san da wannan kasuwa ba, alhali miliyoyin kaset ke yawo a ƙarƙashin hancinsu. Wani mai shirya fim, Cem Kaya, ya tattara tarihin nan a 2022 a wani fim da sunansa ke nufin "So, Kuɗi da Mutuwa". Da na kalle shi sai na tuna mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, da 'yar rikodarsa a zauren gidanmu na Sabo, in ya dawo daga kasuwa ya sa Shata ko Ɗan Maraya, ya yi shiru yana kallon bango.

Yaran da aka haifa a can kuwa sun tashi a tsakiyar kogi. Dokar zama ɗan ƙasa ta Jamus, wadda ta samo asali tun 1913, jini take bi, ba wurin haihuwa ba, kuma ba a sauya wannan ba sai a shekarar 2000. Yaro an haife shi a Berlin, bai san wani gari ba, amma a takarda baƙo ne. In an je hutu Turkiyya kuma a kira shi Almanci, wato ɗan Jamus, a yi wa Turkancinsa dariya. Ba sai na yi wa mai karatu dogon bayani a nan ba. Duk wanda ya taɓa raka ɗansa neman takardar indijin, aka ce masa a nan ya tafi garinsu, a garin nasu kuma aka ce ai ku 'yan Kurmi ne, ya san wannan kogin.

Fushi ya fara zuwa

Sojojin Amurka da ke jibge a Jamus ta Yamma, a garuruwa irin su Nuremberg da Frankfurt da Berlin, su suka kawo gambara, da gidajen rawarsu da gidan rediyonsu. Fim ɗin Beat Street na 1984 ya ƙarasa aikin. Yaran Turkawa na unguwar Kreuzberg a Berlin suka ga baƙaƙen fata na Bronx suka ce ai mu ne waɗannan. Suka fara da rawar jujjuyawa a ƙasa da zane a bango, sannan waƙa, da Turancin Ingilishi tukuna. A 1991 wata ƙungiya a Nuremberg mai suna King Size Terror ta fitar da waƙar da galibi ake lissafawa a matsayin gambarar Turkanci ta farko a faifai. Sunanta Bir Yabancinin Hayati, ma'ana "Rayuwar Baƙo". Tun daga kalmar farko ke nan, gurbet ce.

A Kreuzberg kuma akwai Islamic Force, wadda Boe B da Maxim suka kafa a shekarun 1980. Ba ƙungiyar wa'azi ba ce, sunan martani ne ga masu yi wa Musulmi kallon raini. Su da ire-irensu suka soma wani abu da ya zama tambarin gambarar Turkawa. Su Amurkawa in za su haɗa kiɗa, sukan yanko guntu daga tsoffin faya-fayan iyayensu su liƙa a ƙarƙashin ganga. Da yaran Kreuzberg suka buɗe akwatin iyayensu, me za su tarar? Arabesk da waƙoƙin ƙauyen Anatoliya. Su kuwa suka yanka suka liƙa.

Sai aka shiga munanan shekaru. Bayan haɗewar Jamus a 1990, ƙyamar baƙi ta fito fili. A Nuwamban 1992 'yan wariya suka cinna wa gidajen Turkawa wuta a garin Molln, wata dattijuwa da 'yan mata biyu, mai shekara 10 da mai 14, suka mutu. Ranar 29 ga Mayu, 1993 aka maimaita a Solingen, mata da yara biyar na gidan Genc suka ƙone, ƙaramarsu 'yar shekara huɗu. Uwar gidan, Mevlude Genc, wadda ta rasa 'ya'ya biyu da jikoki biyu da 'yar ɗan uwa a dare ɗaya, ita ce ta fito tana kiran a zauna lafiya, kuma ta ci gaba da zama a garin har rasuwarta a 2022. Mu da muka ga Shagamu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da Shasha a 2021, mun san daren da baƙo ke kwana da takalmi a ƙafa, kamar yadda 'yan Kudu mazauna Arewa su ma suka san nasu.

Matasan ba su bi hanyar dattijuwar ba, fushi suka yi. Ƙungiyar Karakan ta Nuremberg ta yi waƙa tana korar 'yan ƙwal-kwabo masu farautar baƙi. A 1995 Karakan, da Erci E na Berlin, da wata ƙungiya daga Kiel suka haɗu suka zama Cartel, suka fitar da faifai ɗaya mai jan bango. A Jamus ya yi kasuwa daidai gwargwado. A Turkiyya kuwa ya fashe, aka sayi dubban ɗaruruwa, har suka yi wasa a filin ƙwallo na Inonu a Istanbul. Abin dariya da takaici, masu tsananin kishin Turkanci suka rungume su a matsayin nasu, alhali akwai Bajamushe da ɗan asalin Kuba a cikin ƙungiyar. Kukan 'yan tsiraru a can, da ya zo gida sai aka ji shi kamar kirarin masu rinjaye. Ba su jima ba suka watse. Boe B ya rasu a 2000 yana matashi, Maxim kuma aka soke shi da wuƙa a Berlin a 2003.

A nawa fahimtar, a wannan zangon fushi ne a sama, baƙin ciki a ƙasa. Baki na zagi, amma gogen da ke bayan muryar kuka yake.

Da gambara ta koma gida

Yaran Istanbul da suka ji Cartel suka gane cewa ashe harshensu na hawa ganga. Amma su ba su da ɗan wariyar da za su zaga. Abin da suke da shi shi ne ƙasar da ta gaji. Girgizar ƙasa ta 17 ga Agusta, 1999 a yankin Izmit ta kashe sama da mutum 17,000. A Fabrairun 2001 tattalin arziki ya durƙushe, darajar lira ta faɗi warwas, bankuna suka rushe, masu digiri suka koma zaman gidan shayi. Cikin wannan yanayi sunaye biyu suka fito, kuma har yau duk wanda zai yi maganar gambarar Turkawa da su yake farawa.

Na farko shi ne Ceza, ana furta shi Jeza, daga jaza'i na Larabci, wato horo. Ɗan unguwar Uskudar ne a ɓangaren Asiya na Istanbul, ya fara da ƙungiyar Nefret, ma'ana "Ƙiyayya", kuma an san shi da saurin harshe kamar injin niƙa. Na biyu, wanda shi ne ainihin mai wannan maudu'i namu, Sagopa Kajmer, sunansa na yanka Yunus Ozyavuz. An haife shi a 1978 a Samsun, a gaɓar Baƙin Teku, garin da aka haifi Orhan Gencebay. Ya karanta harshen Farisanci da adabinsa a Jami'ar Istanbul. Ka ga inda abin ya juyo: kalmomin da hukumar tace harshe ta yi shekaru tana sharewa, su wannan matashi ya kwaso ya zuba a gambara, har yaran sakandare suka riƙa buɗe ƙamus don su gane abin da gwaninsu ke faɗi. Shi ya sa ni Bahaushe na tsinci ƙaddara da ajali a cikin mota. Rijiya ɗaya muka sha da su.

Sunayen faya-fayansa kaɗai sun isa labari. Na 2004, Bir Pesimistin Gozyaslari, "Hawayen Wanda Ya Ɗebe Tsammani". Na 2005, Romantizma, inda ya cakuɗa kalmar soyayya da ta ciwon sanyin ƙashi, kuma a ciki akwai waƙa mai suna Vasiyet, wasiyya ke nan. Na 2008 "Shekarar Gane Mugayen Mutane". Na 2013 "Mai Ciwon Zuciya". Kamfanin da ya kafa ma Melankolia ya sa masa, wato baƙin cikin da ba ya tafiya. Rayuwa kuma ta yi ta ba shi abin rerawa. Shi da Ceza sun yi waƙa tare a 2004 wadda ta zama kamar taken wannan zamani, ba a jima ba suka ɓata, suka yi shekaru ba sa ga-maciji, masoya suka rabu gida biyu. Ya auri mawaƙiya Kolera a 2006, suka yi faya-fayai tare, suka rabu a 2017.

Sarewar nan da na ji a mota, ney ake kiranta, ta gora ce, kuma ta girmi arabesk da ɗaruruwan shekaru. Maulana Jalaluddin Rumi, wanda ya rasu a Konya a 1273, ya buɗe babban littafinsa Masnawi ne da kukan wannan sarewa, wadda ke ƙorafin an yanko ta daga cikin 'yan uwanta a bakin ruwa. Marubuci Orhan Pamuk, wanda ya ci kyautar Nobel a 2006, shi ma ya gina littafinsa kan birnin Istanbul a kan kalmar huzun, baƙin cikin birnin da ya taɓa mulkin duniya. A irin wannan al'ada, namiji ya fito ya ce zuciyarsa ta karye ba abin kunya ba ne. Ilimi ne ma, in ya iya faɗa.

Tarihi ya maimaita kansa

Daga ƙarshen shekarun 2000 wani sabon abu ya ɓullo daga ƙasa. A shekarun 1990, yaƙin gwamnati da mayaƙan Kurdawa ya tashi dubban ƙauyuka a kudu maso gabas, mutane suka sake kwararowa bayan garin Istanbul da Adana da Mersin da Diyarbakir. 'Ya'yan waɗannan unguwanni, da na sauran talakawa, suka samu shagon intanet da makirfo mai araha. Suka riƙa ɗora murya mai kuka a kan ganga, suna tura wa juna ta waya da Facebook, don YouTube ma a toshe yake a ƙasar daga 2008 zuwa 2010. Aka kira abin arabesk rap, kuma sunan da ya fi fita shi ne Arsiz Bela. Ba Farisanci a nan, ba Rumi. Yarinya ce aka aurar wa mai kuɗi, ko aka tafi aikin soja na dole aka dawo ta sauya, ko ɗan uwa na kurkuku, uwa na kuka.

Me ya biyo baya? Raini. 'Yan birni suka sa wa yaran suna apachi, suna yi wa askinsu da rubutunsu ba'a. Har manyan mawaƙan gambara da yawa suka ce wannan ba rap ba ne, kukan banza ne. Daidai abin da TRT ta yi wa su Muslum Baba shekara arba'in kafin nan, sai dai wannan karon masu rainin su ma jiya-jiya aka gama raina su. Kuma kamar wancan karon, abin da aka raina shi ya ci kasuwa. Kafin ƙarshen shekarun 2010 gambara ta mamaye jerin waƙoƙin da aka fi saurara a ƙasar, kuma karin muryar arabesk na cikin mafi yawansu.

A 2017 Gazapizm, wanda ya tashi a Izmir, ya fitar da Heyecani Yok, ma'ana "Babu Sauran Ɗoki", aka sa ta a wasan talabijin na Cukur, wato "Rami", ta shiga kowane gida. Duba sunan da kyau. Ba zafin rabuwa ba ne, ba fushi ba ne, mutum ne da abin ya daina ba shi mamaki. A shekarar ce kuma Ezhel na Ankara ya fito. A Mayun 2018 aka kama shi bisa zargin waƙoƙinsa na tallata shan ƙwaya, ya yi kusan wata guda a tsare, kotu ta wanke shi a watan Yuni. A Satumban 2019 Shanisher ya tara mawaƙa da dama suka yi Susamam, "Ba Zan Iya Shiru Ba", waƙar kusan minti 15 kan kisan mata, da shari'a, da ɓarnar muhalli, miliyoyi suka saurare ta cikin 'yan kwanaki. Shi kuwa Ezhel daga baya ya tattara ya koma Berlin, inda aka fara. Ba shi kaɗai ba. Hauhawar farashi ta kai kashi 85 cikin ɗari a Oktoban 2022 bisa ƙididdigar gwamnati, kuma a 2023 sama da Turkawa 60,000 suka nemi mafaka a Jamus, 'yan Siriya kaɗai suka fi su yawa.

Ni dai ga yadda nake ganin abin. Gajiyar kakan da ke ramin kwal ta jiki ce, kuma yana da inda yake sa ran komawa. Ta jikan kuwa ta jira ce, da takardar digiri a aljihu, a garin da aka haife shi. Kuma na fi zaton yarinyar nan da kullum take tafiya a waƙoƙinsu, sau da yawa ba yarinya ba ce kawai. A ƙasar da ake iya tsare mawaƙi kan baitinsa, ya fi sauƙi ka ce masoyiya ta yaudare ka da ka ce ƙasa ta yaudare ka. Amma kada in zaƙe, wani lokacin yarinyar ce tsagwaronta, wani lokacin kuma kasuwa ce, don hawaye na sayuwa. Kuma ba zan ɓoye ba, akwai inda nake tsayawa. Mu an hore mu da cewa ba a ɗebe tsammani daga rahamar Allah, kuma rezar masoyan Muslum Baba ba ta fita daga raina. Na gaya wa yaron haka. Ya ce, "Baffa, wanda ya ce ya gaji ai bai mutu ba, wanda ya yi shiru shi ake tsoro." Ban ba shi amsa ba, ban kuma ce na yarda ba.

Ranar da zan mai da shi filin jirgi, muna hanya na tambaye shi in ya gama ina ya nufa. Ya ce bai sani ba. Ibadan babu aiki, Kano bai taɓa yin wata biyu a jere a cikinta ba, abokan karatunsa Turkawa kuma rabinsu Jamusanci suke koyo da dare. Muka yi shiru har muka wuce Shagamu. Can na ce ya sa mini Muslum Baba in ji muryarsa. Ya ce, "Haba Baffa, wannan ai kiɗan tsofaffi ne." Ya ɗan lalubi wayar, sai ga shi yana da shi har guda shida.